Tofin da Na Yi a Bayan Uwarku

Har yanzu in an taru a biki ko suna, akwai masu rage murya in uwarku ta gifta, su ce ai ita ce aka taɓa kamawa da satar jarrabawa. Na ji da kunnena a bikin 'yar kawunku Kabiru, daga bakin matar da ta sha cin tuwon gidanmu. Ban tanka mata ba, don wurin ba na magana ba ne. Amma ku 'ya'yanta bai kamata ku girma da wannan a ranku ba. Shi ya sa na ce 'yar'uwarku Safiya ta ɗauko takarda, ni in faɗa ita ta rubuta, tunda ni ban taɓa zama a aji ba, kuma na gargaɗe ta kada ta gyara min magana. Uwarku ba ta saci komai ba. Ni na jawo abin, ga kuma yadda aka yi.

Ku da kuka tashi a Abuja kuna dariyar yadda ba na kama sunanta. A wurinmu ba abin dariya ba ne. Ita ce 'yar farina. Ina yarinya na haife ta a Malumfashi, ranar da aka yaye ta uwar mijina ta goya ta ta wuce da ita sashenta, can ta girma. Ban taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba, ban taɓa yi mata wasa ba. In ta faɗi ta kuje gwiwa sai in kau da kai in jira wata ta ɗaga ta. Haka aka yi min, haka na ga ana yi. Abu ɗaya na riƙe wanda babu mai sani. Duk ranar da wani babban al'amari ke gabanta, sai in lallaɓa in tsaya a bayanta, in karanta abin da mahaifina ya koya min da ka, in tofa mata sau uku daga ɗan nesa, in wuce kamar wani abu na zo ɗauka. Na yi ranar da aka sa ta makaranta. Na yi ranar da za a kai ta gidan babanku. Na yi ranar da aka fita da gawarsa tana zaune an lulluɓe ta da mayafi. Ko sau ɗaya ba ta taɓa juyowa ba.

Bayan rasuwar babanku na baro gida na zo Kurudu in riƙe ku, don ita tun da safe take fita zuwa Garki, ma'aikatar da take buga takardu. Shekara da shekaru tana kan kujera ɗaya da diflomarta. Yaran da ta nuna wa inda ake ajiye fayil su ne ke zuwa da digiri su zama oganta. Ba ta ƙorafi, amma ni ina kallon yadda take tuɓe takalmi in ta dawo, daga nan nake gane irin yinin da ta yi. Wata Lahadi muna zaune a tsakar gida, kawunku Kabiru ya zo daga Karmo gaishe ni, sai ta ce:

"Inna, na samu jami'a."

"Aikin naki fa, wa zai riƙe?"

"Ba barin aiki zan yi ba. A nan gida zan yi karatun, ta intanet."

"A wane gari makarantar take?"

"Suna da ofis, amma ba sai na je ba. Malaman ta kwamfuta za su riƙa koyarwa."

"To wa zai san kin zo, wa zai san ba ki zo ba?"

Kabiru ya ajiye kofin kunu yana dariya.

"Inna, yanzu makaranta ke bin ɗalibi har ɗaki. Ke ma bari mu kai sunanki, ki karanci sa ido. Shekara ɗaya su ba ki farfesa."

"Kai da ka je da ƙafarka, me ka dawo mana da shi?"

Ya koma kan kununsa.

Shekara huɗu makarantar nan ta yi a cikin gidanmu, kuma ban taɓa sakin jiki da ita ba. Ƙaramin ɗakin da ƙofarsa ke kallon tsakar gida, nan ta sa tebur da kwamfutar. Malaman ba a raye suke magana ba sai jifa-jifa, yawanci an naɗi karatun ne an ajiye. Akwai wani mai yawan gyaran murya, har na haddace inda yake tari. Sai in ga ta taɓa da yatsa ya yi tsit, ta tashi ta duba tukunya, ta dawo ta taɓa ya ci gaba daga inda ya tsaya. In ba ta gane ba ta mai da shi baya sau biyar, ba ya gajiya, ba ya fushi. Ita tana jin daɗin haka, ni kuwa abin yana damuna. Malamin da ɗalibi ke rufe wa baki da yatsa, ina girmansa, ina albarkar karatun za ta fito? Ta ce a mota ma tana sauraro, in cunkoso ya riƙe su a Nyanya sai ta gama darasi guda kafin su isa Garki. 'Yan ajinsu kuma duk a waya suke. Akwai soja, akwai ma'aikaciyar jinya a Jos, akwai wani da ba ya ma ƙasar. Suna taimakon juna kamar 'yan ɗaki ɗaya, alhali in sun haɗu a kasuwa ba za su gaisa ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne aikin gida. In an ce ƙarfe huɗu za a rufe karɓa, to ƙarfe huɗu yana cika ƙofar ke rufe kanta. Wata Asabar sabis ya ɗauke saura minti kaɗan, na ga matar nan mai 'ya'ya huɗu ta rungumi kwamfuta ta fita da silifas wari da wari, ta hau tudun da ke bayan layinmu tana ɗaga waya sama. Ta samu ta tura. Da ta dawo tana haki na tambaye ta, da ba ta samu ba fa, wa za a je a roƙa? Ta ce babu. Wannan amsar ta daɗe a raina. Ni na tashi a inda kowane abu yana da mai shi. In ka yi kuskure ka san ƙofar da za ka je ka durƙusa, ka san dattijon da za ka ɗauka ya raka ka. Ga wata makaranta da babu zaure, babu wanda za a kai wa gaisuwa, babu wanda ya san 'yar wane ce ita.

Shekaru ukun farko, jarrabawa a wata cibiya cikin gari suke rubutawa. Wannan bai dame ni ba. In ta sunkuya a bakin ƙofa tana sa takalmi sai in bi ta baya in yi abin da na saba. A shekarar ƙarshe aka ce an canza, kowa a ɗakinsa zai rubuta, da kyamara a kunne. Ta zaunar da ni ta yi min bayani kamar yarinya.

"Inna, awa biyu ne. Kada kowa ya shiga, kada a yi magana kusa da ƙofar. Ko sallama aka yi, ki tashi ki je can ki amsa. Ana kallona."

"Wa ke kallon?"

"Makarantar."

Na ce to. Tsaron ƙofa ai aikina ne tun kafin a haife ta. Ɗakin ba shi da sakata, ni na sa aka cire tun kuna ƙanana don ba na son yaro ya kulle kansa. Jarrabawa uku aka yi lafiya, ina samun ta kafin ta shiga, sannan in shimfiɗa tabarma a bakin ƙofar in zauna da carbina. Ko kaza ba ta isa ta matso ba.

Ta huɗun ita ce ta ƙarshe, ta lissafin ƙididdiga, wadda ta fi tsoro. Ranar Asabar ce da hantsi. Tun safe aka ɗauke wuta, muka aro janareton maƙwabciyarmu Maman Joy, mutuniyar Filato mai sayar da gwanjo. Na tura ku gidan Kabiru. Sai na fita na ja wa mai markaɗe kunne, na ce in na ji injinsa kafin azahar ni da shi ne, na tare mai ruwa a bakin layi na ce ya dawo da yamma. Kafin in dawo ta riga ta shiga, ta ja ƙofa, an fara. Ban yi mata tofin ba.

Na zauna a tabarma. Carbin yana hannuna amma ba na jin abin da nake ja. Tunda nake ban taɓa barinta ta shiga babban abu haka tsirara ba, sai yau, ranar mafi wuyar. Na yi addu'ar daga inda nake, zuciyata ta ce ba ta kai ba. Can na ji ta ja dogon numfashi ta cikin ƙofa, irin wanda take ja in abu ya gagare ta. Sai na fara yi wa kaina lissafi. Ɗalibai barkatai a ƙasa duka, malami mutum ɗaya, ido biyu gare shi, ina zai ga kowa a lokaci guda? Kuma abin da aka hana a shiga a yi magana ne, ni ba magana zan yi da ita ba. Da wannan na rinjayi kaina. Na tuɓe takalmi, na tura ƙofar a hankali. Janareto na ruri, fanka na juyawa, ita ta ba ni baya ta duƙufa. Na tsaya taku ɗaya a bayan kujerarta, na karanta Fatiha da Ayatul Kursiyyu da Ƙulhuwallahu, na sunkuya wajen kanta sau uku na tofa. A jikin kwamfutar ban ga fuskar kowa ba, rubutu ne kawai, sai wani ɗigon haske a sama kamar ƙwayar gero. Na fita na ja ƙofar. Maman Joy na tsaye wajen igiyar shanya da riga a hannu tana kallona. Na kafe ta da ido har ta mai da nata kan rigar.

Da uwarku ta fito ta ce, "Alhamdu lillahi, daga tsakiya abin ya buɗe min." Na ce madalla, a raina ina jin daɗi.

Bayan mako uku ta dawo daga aiki tun kafin la'asar. Ba ta tuɓe takalmi ba, ta zauna a bakin tabarma da su, ta ce a kira mata ku duka. Ta karanta saƙon makarantar daga waya, tana juya shi da Hausa. An riƙe sakamakonta. An ce an ga alamar wani mutum a ɗakin lokacin jarrabawa, ana zargin an ba ta amsa, ta rubuto bayani cikin kwana bakwai. Na ce, malamin ne ya ce ya gani?

"Ba mutum ke kallo ba, Inna. Na'ura ce. Tana naɗar komai daga farko har ƙarshe, in ta ga abin da ba ta yarda da shi ba ta sa alama."

Sai ta juyo gaba ɗaya ta dube ni, abin da ba ta cika yi ba.

"Ke kika zauna a ƙofa. Wani ya shiga?"

"Babu."

Haka na ce. Safiya, rubuta shi yadda na faɗa. Ni da nake dukan ku a kan ƙaryar tsokar nama ɗaya, na dubi 'yata na yi mata ƙarya a kan karatun shekara huɗu. Na sha tambayar kaina me ya sa. Akwai tsoro. Akwai girman kai, don a gidan nan ni ce ba na kuskure, ni ce mai kama na wasu. Amma babba a ciki, in na ce na shiga za ta ce yin me, ni kuma bakina ba zai iya ce wa 'yar fari addu'a nake miki ba, balle a gaban 'ya'yanta. Na kuma yi tunanin tunda alama suka ce, wataƙila inuwa kawai suka gani, abin zai wuce. Ta yarda da ni nan take. Washegari ta rubuta musu cewa babu wanda ya shiga, mahaifiyarta ce ta tsare ƙofa daga farko har ƙarshe, ta sa hannu ta tura.

Kwanakin da suka biyo ban san ɗanɗanon abinci ba. A salla sai in rasa raka'a nawa na yi. In na wuce ta ƙofar ɗakin nan na hangi kwamfutar a rufe da ɗankwali, sai in ji kamar ta san ni. Kabiru ya zo ya ce ai labule ne iska ta kaɗa, ko kuma aljanun Kurudu ne suka shiga jami'a. Babu wanda ya yi dariya. Shi ya je ya faɗa wa matarsa, daga nan maganar ta kama hanya har Malumfashi, kafin ta isa ta zama an kama ta dumu-dumu. Uwarku ta rame. Ta fara zargin ko ɗayanku ya dawo daga gidan Kabiru ya leƙa ta taga. Ta tsare ki, Safiya, ta yi ta juya miki tambaya har kika yi kuka, ina zaune ina tankaɗe ban ɗago ba. Wannan ma ki yafe min.

Sai saƙo na biyu ya zo. Sun ce bidiyon yana hannunsu, kuma bai yi daidai da abin da ta rubuta ba. Kwamiti zai zauna da ita ran Litinin ƙarfe goma, ta kwamfuta. In laifin ya tabbata kora ce, shekara huɗun ta tafi.

Ran Asabar ina wanke-wanke a bakin famfo Maman Joy ta zo ta tsuguna kusa da ni kamar za ta ɗibi ruwa. Hausarta irin ta 'yan Abuja ce, kowa namiji ne a bakinta.

"Mama, ni ban faɗa wa kowa ba."

"Faɗar me?"

"Ranar janareto. Na gan ka, ka shiga, ka fito."

"Idonki ya cika yawo."

"A wurinka na koya." Ta sa bokiti a ƙarƙashin famfon. "Na san ba amsa ka kai masa ba. Wane amsa, kai da ko waya sai an danna maka? Addu'a ne, ko?"

Na ci gaba da cuɗa tukunya.

"Ni ma ina sa wa Joy hannu a kai in zai yi jarrabawa. Amma ni a gabansa nake yi. Mama, jibi za su nuna masa hoton. Gara ya ji a bakinka."

Ta ɗauki bokitinta ta tafi, ko rabi bai cika ba.

Ran Lahadi bayan azahar na aike ku duka islamiyya tun lokaci bai yi ba. Uwarku na zaune a ƙofar kicin da takardu a cinya, ba karantawa take ba. Na ɗauko faifan wake na zauna na ba ta gefe, ina tsinta. Da faifan na yi magana, don ban iya dubanta ba.

"Ni ce na shiga."

Ba ta motsa ba.

"Ban same ki ba kafin ki fara. Na shiga na yi tofi na fita."

"Tofi."

"Tofi."

Ina jin kukan awakin maƙwabta, ina jin wake na faɗawa cikin kwano. Can ta ce, a hankali:

"Inna, na rubuta musu da hannuna. Na ce ke ce shaidata."

"Na sani."

"Na sa Safiya kuka."

"Na gani."

Ta tattara takardun ta shiga ɗaki. Na ɗauka kuka za ta yi. Sai na ji ƙarar maɓallan kwamfuta. Tana sanar da su ne cewa bayaninta na farko ba daidai ba ne, kuma za ta zo da wadda ta shiga ɗakin.

Ran Litinin na sa atamfar da nake zuwa ɗaurin aure da ita, na yafa babban mayafi, don in zauna a ƙaramin ɗakin gidanmu. Aka ajiye kujera biyu. Fuskoki uku suka fito, kowacce a ɗan akwatinta. Akwai wata farfesa mai tabarau, ita ce shugaba, da Turanci take magana. Akwai wani dakta da na ji Hausarsa ta Sakkwato ce, shi ke yi min tafinta. Na ukun sakatare ne, kansa a ƙasa yana rubutu. Na zame daga kujera zan durƙusa in gaishe su, uwarku ta riƙo hannuna ta ce in na sauka ba za su gan ni ba. Ko durƙuson ma babu wurin yinsa.

Suka ce za su nuna bidiyon. Ban taɓa ganin kaina ina tafiya ba sai ranar. Ga uwarku ta haɗa gira tana cizon leɓe. Ga ƙofa ta buɗe a bayanta, wata tsohuwa ta shigo da sanɗa kamar ɓarauniya, ta tsaya, bakinta na motsi, ta sunkuya wajen kunnen ɗalibar sau uku. Wallahi ko ni aka nuna wa zan ce amsa ake faɗa mata. Amma ba wannan ya fi tayar min da hankali ba. Fuskar tsohuwar ce. Ban san haka fuskata take yi ba in ina bayanta. Duk tsananin nan da kuka sani babu shi, wata fuska ce mai roƙo, ido ya cika da ƙwalla. Shekara arba'in da wani abu ina ɓoye wannan fuskar, ga ta an baje a gaban baƙi uku, ita ma mai ita tana zaune kusa da ni tana kallo. Farfesar ta sa aka mai da shi baya aka sake nunawa.

Daktan ya ce, "Hajiya, za ki faɗi sunanki, da sunan ɗalibar, da abin da ke tsakaninku."

Na faɗi nawa. Na ce ita kuma uwar Safiya ce.

"Sunanta na yanka ake so, Hajiya. Don a rubuta."

"Ai yana gabanku a takarda."

Ya ɗan yi murmushi, na san ya gane. "'Yar fari ce?"

"Ita ce."

Ya yi wa farfesar bayani da Turanci, ta saurara, ta girgiza kai. Ya ce, "Ki yi haƙuri, ta ce doka ce, sai shaida ya faɗa da bakinsa."

Na faɗa. Daidai lokacin sabis ya tsinke, fuskokin suka daskare. Da suka dawo sakataren ya ce bai ji ba, na sake faɗa. Sau biyu ke nan a rayuwata, kuma ba za a rubuta shi a takardar nan daga bakina ba.

Suka tambaye ni me nake cewa a bidiyon. Na karanta musu daga farko har ƙarshe, ana nuna hoton ana duba bakina ko ya yi daidai. Farfesar ta tambaya ko na san lissafin da ake jarrabawar a kansa. Na ce in na kasuwa ne babu mai cutata, wannan kuwa ko sunansa ban iya faɗa ba. Sakataren ya rufe baki da hannu. Sai ta cire tabarau ta tambaya ko an gaya min kada kowa ya shiga. Na ce an gaya min. Ta ce to me ya sa da aka tambaye ni na ce babu? Na ce tsoro da kunya. Na ce yarinyar nan ba ta san na shiga ba, ku duba, ko sau ɗaya ba ta juyo ba, abin da ta rubuta muku ni na sa mata a baki. In akwai hukunci ni za a yi wa. Daktan ya juya mata, ta amsa, ya juyo min.

"Ta ce ta yarda da ke, Hajiya. Amma ke ba ɗalibarmu ba ce. Babu abin da za mu iya yi miki."

Mako biyu muka yi muna jira. Kullum in ta dawo ina duban fuskarta tun daga bakin ƙofa. Da hukuncin ya zo, an wanke ta daga satar amsa, ba a kore ta ba. Ku riƙe wannan, a rubuce yake, takardar tana cikin akwatinta. Amma an soke jarrabawar, don doka ta ce in mutum na biyu ya shiga ɗaki ta ɓaci, ko me ya kawo shi. Kuma sau ɗaya ake yin ta a shekara. Ta jira shekara guda cur ta sake rubutawa, ta ci, digirin da ke rataye a falo ke nan. Sai dai a cikin shekarar jiran aka yi ƙarin girma a ma'aikatarsu. Kujerar da ta yi karatun dominta, sai mai takardar digiri a hannu. Aka ba wata yarinya da ita ta koya wa aiki.

Ranar da aka liƙa sunayen ta dawo da yamma, ta tuɓe takalmi a hankali ta jera su. Na riga na zuba mata tuwo. Ta wanke hannu ta zauna, ta yi loma biyu, ta ce an ba wa wance kujerar. Na ce Allah ya sa haka ya fi alheri. Ina jira ta faɗi abin da ya kamata ta faɗa min tun watanni, na ma shirya ba zan mayar ba. Ta ci gaba da cin tuwonta. Can, ba tare da ta ɗago ba, ta ce:

"Inna, tun yaushe kike yi?"

"Tun kafin ki yi wayo."

"Ranar da aka kai ni gidan miji ma?"

"Har ranar."

Ta ɗan juya miyar da yatsa.

"Da kin bari na sani, da na jira ki kafin in kunna."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Ba ta sake tayar da maganar ba har yau, shekarar da na ci mata kuma ba ta dawo ba.